Audi Mai Hoto da Jawo-Nesa

Ranar da Audi Mai Hoto ya faɗa cikin komin shayar da shanu a karar Mai'aduwa ina wurin, don ni ya goyo a bayan mashin ɗinsa. Saboda haka kada wani ya ce ƙari na yi. Farar shadda ce a jikinsa, wadda ya ɗinka da ƙaramar Sallah, ga hula ya kafa ta har gira. Cewa ya yi in raka shi, zai gwada wani sabon ƙarfe da ya sayo wa kyamararsa a Kano. Muka isa da hantsi. Ya zaɓi wani farin bajimi mai manyan ƙahoni da ke ɗaure can ƙarshen kara, ya ɗan rusuna, ya rufe ido ɗaya, ya kafa ɗayan a kyamara. Ni ina gefe ina ɓarar gyaɗa.

Sai kawai na ji ya ƙwalla salati. "Mati, ga shi nan! Ya tsinke!"

Ya yi baya da gudu, dunduniyarsa ta bugi bakin komi, ya tafi rigingine cikin ruwan da shanu suka gama dagulawa. Hannu ɗaya dai yana sama riƙe da kyamara, ko ɗigo bai taɓa ta ba.

Na duba gabas, na duba yamma. Bajimi yana nan inda yake da igiyarsa, nisan da in ka yi jifa ba lallai dutsen ya kai ba. Ƙuda ne ya dame shi, ya kaɗa kai, ya yi taku ɗaya. A cikin gilashin Audi kuwa, wai ƙahon har ya kusa taɓa masa hanci.

Wani dattijon Bafulatani ya matso, ya leƙa komin, ya ce, "Malam, in wanka ne, ai da ka bari mun canza ruwan."

Audi ya yunƙura ya tashi. Ya fito, ya matse bakin rigarsa, ya miƙo mini kyamara in riƙe, ya nemo hularsa. Har muka dawo Daura ina bayansa ina toshe hanci.

Ni da Audi katanga ɗaya ta raba mu, shekara ashirin da wani abu ke nan. Katangar gajeriya ce, wata damina ta zaftare mata kai ba wanda ya gyara, kuma a gindinta nake ɗaure akuyata. In na san abin da ke faruwa a gidansa, to dusa na je ba akuya.

Asalinsa mutumin Sandamu ne, ɗan manomi. Yana saurayi ya tafi ci-rani Kano, ya samu aikin shara a wani shagon hoto. Daga shara ya koma riƙe fitila, daga riƙe fitila aka fara barinsa ya danna. Ya dawo Daura da tsohuwar kyamara a wuya, ya kama shago kusa da tasha. Kayan shagon ba su da yawa: shuɗin ƙyalle a bango, furen roba, da wata matacciyar wayar tarho da samari ke karawa a kunne a ɗauke su kamar suna magana da Legas. Rabin waɗanda suka je Makka daga unguwarmu, da fuskar da Audi ya ɗauka suka je. In damina ta faɗi sai ya rufe shago ya tafi Sandamu noman gero, ya dawo baƙi wuluk ya ci gaba da cewa mutane, "Kar a ƙifta, kar a yi numfashi." Mutum ne da ba ya rama tsokana. In ka zolaye shi sai ya yi murmushi, ya hura wa gilashinsa iska, ya goge da gefen riga. Shi ya sa nake jin daɗin zama da shi.

Amma abin da ke riƙe da shagon nan bikin mata ne. Namiji hoto ɗaya yake yi a shekara, shi ma sai an tilasta masa. Mace kuwa duk zanin da ta canza sai an ɗauka, ita kaɗai, ita da ƙawa, ita da amarya, ita da jakarta.

Da aka ƙaddamar da Shari'a, masu gida suka fara gyara harkar biki. Ba wanda ya zo ya rufe wa Audi shago. Sai dai shiga tsakiyar mata yana "matso nan, Hajiya, ɗaga haɓa," wannan ya ƙare. Audi bai yi gardama ba, shi ma ɗan sahun gaba ne a masallaci. Amma aiki ya ja baya. Sai ya wuni a shago yana korar ƙuda daga kan furen roba.

Ana haka Alhaji Badaru na Zango, mai fataucin hatsi, ya tashi aurar da 'yarsa Raihana. Matarsa Hajiya Rahmatu irin matan nan ce da duk abin da ta yi a bikinta, shi matan Zango da na Daura za su yi ta kwaikwayo har shekara ta zagayo. Ta kafe sai an yi hoto, don Damagaram za a kai yarinyar, ba kullum za ta gan ta ba. Alhaji ya yarda, amma da sharaɗi: mai hoto ya tsaya a bakin zaure, daga nan zai yi aikinsa. Audi ya san in ya ci wannan jarrabawa, duk gidajen da suka rufe masa ƙofa za su ce a yi musu irin na gidan Alhaji Badaru. In ya faɗi kuwa, ya koma hoton fasfo har ya tsufa.

Abin da ya kai shi Kano ke nan. Yana da dogon gilashi dama, amma ya ga ba zai kai ba. Wani mai kayan hoto ya nuna masa wani ɗan ƙarfe, bai fi gwangwanin tumatir ba, da gilashi a cikinsa. Ana ɗaura shi tsakanin kyamara da dogon gilashin, sai ya ninka kusancin abu sau biyu. Mai shagon ya ce sunansa kwambata. Ni bakina bai iya ba, na sa masa Jawo-Nesa, sunan kuma ya bi shi. Shi ne ya jefa Audi a komi. Duk da haka a hanyar dawowa cewa yake, "Ka ga dai yana aiki, Mati. Da ba ya aiki ai da ban gudu ba."

Ranar yinin biki na bi shi Zango, don na ji an yanka sa. Alhaji Badaru da kansa ya shigo da mu zaure na ciki, ya sa sandarsa ya ja layi a ƙasa daidai bakin ƙofa.

"Malam Audi, ka ga wannan? Ƙafarka kada ta tsallake shi."

"In sha Allahu, Alhaji."

"Kai kuma," ya dube ni, "ka juya bayanka."

Tsakar gidan Alhaji doguwa ce, sai ka ce filin ƙwallo. Can ƙarshe akwai wata babbar darbejiya, a ƙarƙashinta aka shimfiɗa darduma, nan za a zaunar da amarya. Mun isa tun azahar, rana tsaka. Audi ya ɗaura Jawo-Nesa, ya rasa abin gwaji, sai ya hango wani zakara a kan rumbu cikin rana, ya dafa gilashi a jikin ƙofa ya ɗauke shi. Daga nan muka zauna jira. Aka ce amarya tana wanka. Aka ce tana kwalliya. Aka ce ɗankwalin bai zauna ba. Ni dai na samu shinkafa mai yaji na ci na ƙoshi. Ba a fito da Raihana ba sai bayan la'asar, rana ta karkata, inuwar darbejiya ta yi baƙi.

Audi ya leƙa, ya ɗago, ya goge ido, ya sake leƙawa.

"Mati, duhu nake gani."

"Ka buɗe ɗaya idon mana."

Ya kira wata tsohuwa da ke kai da kawo tsakanin zaure da cikin gida. "Iya, don Allah a ce su ɗan fito rana."

Tsohuwa ta tafi, ta dawo. "An ce amarya ba ta zama a rana. Kwalliyar da aka wuni ana yi kake so ta narke?"

Ya kunna filashi, hasken bai wuce taku goma ba, bangon zaure kawai ya haska. Ya ce hannunsa na rawa. Tun da bayana na wajen mata, sai ya ɗora dogon gilashin a kafaɗata, ya ce kar in yi numfashi. Ni kuwa yajin nan ya riga ya tayar mini da shaƙuwa. Duk dannawa ɗaya sai na yi hik. Haka muka cinye fim guda, shi yana salati, ni ina shaƙuwa, ƙafarsa kuwa ko yatsa bai tsallake layin Alhaji ba.

A lokacin ba a wanke hoto mai kala a nan, sai an ba direba fim ya kai Katsina. Kwana uku ambulan ya dawo. A shago ya buɗe, ina tsaye a kansa. Na farko kamar cikin tukunya. Na biyu wasu inuwoyi ne da ɗankwali. A wani amarya ta fito da ido huɗu, a wani ba ka bambance Hajiya Rahmatu da gindin darbejiya. Guda ɗaya ne tak ya fito tas: zakara a kan rumbu. Wallahi kana iya ƙirga gashin wuyansa.

Na dubi Audi. Ya daɗe yana juya ƙarfen a hannu.

"Bai faɗa mini yana cin haske ba," ya ce. "In haske kashi huɗu ne, uku yake cinyewa ya bar maka ɗaya. Kuma ba nisa kaɗai yake ninkawa ba, har rawar hannu."

"Da shaƙuwa," na ce.

Bai yi dariya ba.

Bayan kwana biyu Hajiya Rahmatu ta zo gidan Audi da kanta. Ni kuma akuyata tana jin yunwa a daidai lokacin. Haulatu, matar Audi, ta shimfiɗa mata tabarma. Haulatu mai ƙunshi ce, ita ke zana wa amaren unguwa lalle, mace mai tsit, ba ka jin muryarta sai in kaji sun shiga hatsi. Audi ya gaishe da Hajiya daga bakin ɗaki, kansa a ƙasa.

"Ba faɗa na zo yi ba, Malam Audi," in ji Hajiya. "An kai Raihana Damagaram. In kewarta ta taso mini, zakaran nan zan ɗauko in kalla?"

"Hajiya, ki yi haƙuri. Laifina ne."

"Haƙuri ai na yi. Bikin ƙanwarta Maijidda bayan babbar Sallah ne. Alhaji ya ce layinsa yana nan inda ya ja shi. In abin da za a sake ke nan, ka faɗa mini tun yanzu in huta, in kuma faɗa wa mata kowa ta huta."

Audi ya ce a ba shi lokaci. Ta ce lokaci ai ga shi nan, har Sallah.

Daga ranar tsakar gidan Audi ta koma wurin gwaji. Kullum bayan la'asar sai ya zaunar da Haulatu a inuwar bango, shi kuma ya koma can bakin ƙofa. Ya kifa turmi ya ɗora kyamara a kai. Ya sayo fim da aka ce ya fi jure duhu, hoton ya fito da ɗigo-ɗigo kamar an watsa masa gero. Ya cire Jawo-Nesa, hoto ya yi haske amma Haulatu ta koma kamar ƙwayar wake a tsakiyar faranti. Ya mayar, ta girma ta dushe. Mako biyu ana haka, tuwon gidan yana makara.

Wata rana dai Haulatu ta gaji da zaman. Ta miƙe, ta kaɗe zani, ta tako har inda yake. Na ƙirga, taku goma sha tara.

"Baban Zulfa," haka take kiransa, da sunan 'yarsu ta fari, "wai me ya hana a matso ne?"

"Ke ma kin sani. An ja mini layi."

"Kai aka ja wa. Ni ranar bikin Raihana ina cikin ɗakinta tun safe, ƙafarta na kan cinyata ina mata ƙunshi."

Har akuyata ta daina tauna.

"Ke kin san hoto ne?" ya ce.

"Kai da shi aka haife ka? Na ji an ce da tsintsiya ka fara."

Ya kwashe kayansa ya shige ɗaki. Kwana biyu bai yi gwaji ba, bai kuma yi maganar ba. A shago na same shi ya tasa furen roba a gaba yana kallo. Na ce masa ko in ɗaura zani in shiga masa. Ko murmushin nan nasa bai yi ba. Na san abin da ke cinsa: shekara ashirin ana cewa Audi Mai Hoto, yanzu a ce ya miƙa kyamara ga mai lalle.

Rana ta uku na ji muryarsa ta bayan katanga. "Riƙe nan. A'a, ba kamar ludayi ba. Matse gwiwar hannunki a jiki."

Ya cire dogon gilashi, ya cire Jawo-Nesa, ya nannaɗe su a tsumma. Ya ɗaura mata ɗan ƙaramin gilashi, wanda yake hoton fasfo da shi. Da kaji ta fara. Fim na farko da ya dawo daga Katsina, duk kajin gidan ba mai kai, ta fille su daga wuya. Na biyu kawuna suka dawo, ƙafafu suka tafi. A na uku ne Audi ya zauna yana duba hoton Zulfa tana tsince shinkafa, ya kai shi kusa da ido, ya nisanta shi.

"Hannunki ba ya rawa," ya ce.

"Wadda ke zana fure a tafin amarya mai jin cakulkuli, hannunta zai yi rawa?"

Ranar bikin Maijidda, Alhaji Badaru ya fito da sandarsa zai ja layi, Audi ya ce ya huta, yau ko zaure na ciki ba zai shiga ba. Haulatu ta sauko daga mashin da hijabinta, kwanon lalle a hannu, kyamara a cikin jaka. Alhaji ya dube ta, ya dubi Audi, ya shafa gemu.

"Ita za ta yi?"

"Ita, Alhaji."

"To ita ban da abin cewa. Bismilla, shiga."

Audi ya ɗauki maza a waje da wata tsohuwar kyamara da ya aro, ya gama cikin ɗan lokaci, don maza ba su canza riga. Sauran yinin a kan benci ya yi shi, idonsa a ƙofar zaure. Aka kawo abinci bai ci ba, na taimaka masa. Duk wadda ta fito sai ya miƙe, ya ga ba ita ba ce ya koma. Sai gab da magariba Haulatu ta fito, ta miƙa masa fim uku.

"Kin duba haske?"

"Na duba."

"Ba ki sa su a inuwar darbejiya ba?"

"A inuwar na sa su. Ni kusa nake."

A hanya take gaya masa Raihana ta zo bikin daga Damagaram. Da Haulatu ta gan ta, sai ta tambayi Hajiya ko kayan da yarinyar ta sa ranar nata bikin suna nan. Aka ce suna cikin akwatin da ta zo da shi. Ta sa aka sake yi mata kwalliya, aka ɗaura mata ɗankwalin, ta zaunar da ita jikin uwarta a kan dardumar nan, ta ɗauke su.

Da ambulan ya dawo, Audi ya ƙi buɗewa a shago. Gida ya kai, suka buɗe tare, ni kuma na je duba akuya. Can na ji ya ce, "Kin yanke wa wannan gefen mayafi." Ta ce, "Guda nawa?" Ya ce, "Guda ɗaya." Shi ke nan gyaran da ya samu.

An ce Hajiya Rahmatu da ta ga hotonta da Raihana, ɗaki ta shiga ta turo ƙofa, ta jima ba ta fito ba. Yanzu hoton yana rataye a bangon ɗakinta. Zakaran ma ba ta yar ba, an ce yana bayan ƙofa. Kafin watan ya ƙare, an kira Haulatu biki a Sandamu, an kira ta Babban Mutum, cikin Daura kuwa sai ta zaɓa. Audi ke kai ta, shi ke ɗaukar maza, shi ke kai fim tasha. Allon shago bai canza ba, har yau Audi Mai Hoto ne a rubuce, amma mata in sun aiko cewa suke a turo musu maman Zulfa.

Jawo-Nesa kuwa bai mutu ba. Ya samu inda ya dace da shi, wato kara. Akwai Fulanin da ke son hoton bajiminsu kafin su sayar, irin wanda baƙo ba ya kusantarsa. Audi yakan je da rana tsaka, lokacin da haske ya yi yawa har ba a san yadda za a yi da shi ba, ya kafa kyamara a kan ƙafa uku da wani maƙeri ya haɗa masa, ya jira bajimin ya tsaya cik. A nan hoton yakan fito, ko da bai kai na ƙaramin gilashi tsafta ba. In ka tambaye shi ko abin ya cancanci saye, cewa yake: in akwai rana, in akwai abin dafawa, in kuma abin da za ka ɗauka zai iya kashe ka, to ɗaura shi. In ba haka ba, ka taka da ƙafarka, ko ka nemi wanda zai taka maka. Kuma yanzu kafin ya rufe ido ɗaya, sai ya waiga ya ga inda komi yake.

Rannan muna zaune a ƙofar shagonsa, majalisa ta cika, na ga dama ta samu.

"Audi, an ce yanzu Haulatu ce mai hoto, kai ɗan rakiya ne mai riƙon jaka. Ni fa tun ranar da ta fille wa kajinku kai na san za ta ƙwace maka sana'a. Taku goma sha tara ta yi, ta gama da kai da ƙarfenka na Kano."

Aka yi dariya. Ya hura wa gilashinsa iska, ya goge da gefen riga kamar kullum. Na ɗauka shi ke nan. Sai ya ɗago.

"Goma sha tara? Wa ya ƙirga?"

"Ni dai dusa na je ba akuya."

"Mati, da na sani ai da ban je Kano ba, kai zan ɗaura a bakin kyamara. Shekara ashirin daga bayan katanga kana hango har cikin tukunyar miyata, da rana da inuwa, ban taɓa jin ka ce haske ya yi maka kaɗan ba."